Ɗan Tayin Kwana Bakwai

Tun da idonta ya faɗa kan takardar asibitin, hankalinta ya ƙi kwanciya. An soke "kwana biyar" da biro, an rubuta "bakwai" a sama.

Sau uku ana dasa mata a mahaifa 'yan tayin da aka haɗa musu a ɗakin gwaji, waɗanda aka ce sun fi inganci, sau uku tana komawa gida da kuka. Saura ɗaya tal da aka adana a daskare, mafi ƙarancin makin inganci, kuma a kansa aka yi gyaran.

"Malama, ki ji tsoron Allah," ta ce wa ma'aikaciyar ɗakin gwajin. "Na wata kuka musanya min?"

Ma'aikaciyar ta cire tabarau. "A nan, wanda bai cika girma a kwana biyar ba, mun cire rai da shi. Wannan har zan fitar, sai na ga yana tahowa a hankali. Na ƙara masa kwana biyu, ya iso a makare."

Matar ta waiwaya ta dubi kujerar da ta ajiye wa maigidanta, wanda tun awa biyu da suka wuce yake cewa ga shi nan a hanya.

"Namu ne," ta ce. "Ku narkar da shi, a dasa min."