Kwanon Ƙawance

Ina ƙarama a Bukan Sidi, ƙawance a wurina kwano ne. Inna ta zuba tuwo in kai wa ƙawarta 'yar garin Awe, ita kuma ta mayar da kwanon da gishiri a ciki. Ba a mayar da kwano wayam.

Wata rana da la'asar Baba yana zaune gindin mangwaro da maƙwabta biyu. Bai daɗe da dawowa daga yaƙin Laberiya ba, hannun rigarsa na hagu a naɗe, an maƙale shi da fil, don babu abin da zai shiga ciki. Rediyo ta ce sojojin ƙawance sun sake kama wani gari. Na tambaya su wane ne. Baba ya ce, “Mu ne, da sojojin wasu ƙasashe. Ƙawance muka ƙulla, muka kai wa mutanen can ɗauki.”

Na kalli fil ɗin nan, na ce da ƙarfi don baƙi su ji wayona, “To Baba, ka kai musu hannunka, su me suka zubo mana a kwano?”

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Baba ya rage muryar rediyo, ya ce a hankali, “Uwata, kwanon ma da ƙyar ya dawo.”

Na yi dariya, ni kaɗai.

Yau na wuce shekarunsa na lokacin. Duk sanda labarai suka ce ƙasashe sun ƙulla ƙawance, dariyar nan nake ji a kunnena, sai in rasa inda zan sa idona.