Agogon Mai Aski

Sa ido mugun hali ne, ku ji yadda ya kayar da mai askin layinmu.

Duk Talata yakan rufe shago, ya je asibiti ya zauna a bencin masu karɓar maganin ƙanjamau, don ya ga wa da wa. Mutane suka fara fashin zuwa saboda tsoron bakinsa.

Gwaggo mai ɗinki shekararta goma tana shan maganin, ga ta ɓul-ɓul, ita ce ma ke wayar da kan unguwa. Ran taron wayar da kai na unguwa ta ɗauki lasifika.

"Akwai gwarzon da bai taɓa fashin Talata ba. Maƙwabci mai aski, taso ka karɓi kyautar agogon bango."

Aka yi ta tafi. Ya karɓa yana gumi.

"Gwaggo, ni fa ba na shan komai."

"To me kake zuwa yi, ɗan nan?"

"Kallo kawai."

"Kallon wa?"

Rabin waɗanda yake yi wa aski suka juyo suka zuba masa ido.

Talatar da ta biyo, layin magani har bakin ƙofa. Shi kuwa ya rasa kwastomomi, ya rasa benci, agogon ma Gwaggo ta karɓe abinta.