Hoton Baba a Gindin Mangwaro

Tunda baƙin gilashin nan da ka ɗaura wa kyamararka ya burge ka haka, zauna in ba ka misalin wani mai hoto. Shi ma yana da irin filtar nan mai tare hasken da ido ke gani, ta bar wanda ido ba ya gani ya shiga. In ya ɗauki hoto da ita da tsakar rana, babu launi sai fari da baƙi. Ganye ya koma fari fat kamar auduga, sama ta yi baƙi ƙirin, fatar mutum kuwa ta yi sumul, tabo da ƙurji duk su ɓace. Gwani ne na gaske, kuma ya san shi gwani ne.

Ana nan mahaifinsa ya kwanta ciwo, jiki ya zube, fuska ta yi dabbare-dabbare. Ƙanwar mai hoton da ke aure a Fatakwal, ga ta da tsohon ciki, ta dame shi da waya: a turo mata hoton Baba, in jikin ya yi tsanani ta kamo hanya ko a yaya take. Tsohon ya ce, "Kada ka tayar wa yarinyar nan da hankali." Gwaninka kuwa kamar jira yake. Ya rufe ramar da babbar riga, ya tallabo tsoho zuwa gindin mangwaro, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku. Irin wannan hoto sai mutum ya tsaya cak, don a hankali hasken yake shiga. Tsoho ya cije leɓe, ya haɗiye nishi har aka gama. Hoto ya fito, ga dattijo fes a ƙarƙashin farar bishiya, ko ɗigon tabo babu. Ƙanwa ta gani ta yi hamdala, ta ce bari ta haihu tukuna ta kawo masa jikansa.

Kwana tara aka yi, rai ya yi halinsa. Kwana biyun ƙarshe sunanta kawai yake kira.

Ta iso bayan sadakar uku. Ba ta yi faɗa ba, ta dai miƙa wa yayan nata wayar da hoton a kai, ta ce, "Yaya, da ka bar mini shi yadda yake, da na same shi." Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ya sha zama gaban kwamfuta yana neman fuskar ubansa ta gaskiya a cikin hoton nan, amma abin da kyamara ba ta ɗauka ba, ina za a samo shi? Tausayinsa nake ji, don da kyakkyawar niyya ya yi, kuma niyyar ba ta dawo masa da kowa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.