Daƙiƙa Arba'in

Mai Kofi ya tsamo kofin awo daga cikin gangar mai, ya danna agogo, ya zuba wa man ido yana tsiyaya ta hudar da ke gindi, siriri kamar zare. Da zaren ya tsinke ya sake dannawa. Daƙiƙa arba'in.

Shekara ashirin da takwas ke nan yana wannan aiki a masana'antar haɗa man inji. Kullum da safe yakan wanke kofin, ya soka 'yar waya a hudar ya fitar da dauɗa, sannan ya fara awo. Ba mai taɓa masa kofin. Masu sayen mai kuwa ba ruwansu da daƙiƙa, sentistok suka sani, wato ma'aunin da ake faɗin kaurin mai da shi. Shi ya sa aka manna jadawali a bango. Ka nemi daƙiƙarka a hagu, ka karanta sentistok a dama, ka rubuta, ka sa hannu.

Jadawalin da ke bangon yanzu rubutun Injiniya ne, 'yar ƙanwarsa, wadda shi da kansa ya kai ta gaban Manaja shekara uku da suka wuce ya ce a gwada ta.

Ran nan wani dillali ya zo tallan na'urar awo mai aiki da lantarki. Manaja ya daɗe yana zagaya na'urar yana shafa ta, yana kuma satar kallon furfurar Mai Kofi. Da dillalin zai tafi ya bar kwalin samfuri da wani ɗan littafi. A shafin ƙarshe akwai jadawali bugun inji, na kofi irin nasa, lamba ɗaya.

Mai Kofi bai yi nisa a boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Arba'in a littafi, ɗari da talatin da bakwai. Arba'in a bango, ɗari da hamsin da biyu. Ya duba talatin, ya duba sittin. Ko layi ɗaya bai zo daidai ba.

Kansa ya ɗau zafi. Ashe shekara uku yana sa hannu a kan ƙarya! Ya tuna yadda duk farkon wata take zuwa da wata 'yar kwalbar mai a rufe ta ce ya auna mata, kamar shi ne ɗan koyo, ta rubuta a tafin hannu ta fice. Ya tuna ranar da ta ce masa, "Kawu, da za a sake kofin nan," ya daka mata tsawar da sai da masu ɗaukar ganga suka waiwayo. To ga inda rainin ya kai.

Ya fizge jadawalin daga bango, ya same ta a bakin tanki.

"Ke! Mene ne wannan?"

Ta dubi littafin, ta dubi takardar. "Kawu, don Allah mu shiga ciki mu yi magana."

"Ba inda zan shiga. Ni za ki mayar maƙaryaci da tsufana? Uwarki ma ba ta isa ba!"

"An taɓa dawo mana da ganga ko ɗaya?"

"Ba shi na tambaye ki ba. Wuce mu je!"

Ya tasa ta gaba har ofishin Manaja, ma'aikata na leƙe ta taga. Ya shimfiɗa takardun biyu a kan tebur. Ya ce shi ba ya rufa wa kowa asiri a kan awo, ko da jininsa ne.

Manaja ya tambaye ta daga ina ta samo lambobinta. Ta kau da kai. Ya sake tambaya, ta sunkuyar da kai. Ya ce to ta ajiye makullin ɗakin gwaji, ta tafi gida sai an neme ta. Ta ajiye, ta fita ba ta kalli kawunta ba.

"Saura mu san ainihin kaurin man da muke sayarwa," in ji Manaja. Ya buɗe kwalin dillali ya ciro sabon kofi yana ƙyalli. "Auna min da wannan, dattijo. Gangar ɗazu."

Mai Kofi ya karɓa yana huci. Ya tsoma, ya ɗaga, ya danna. Zaren ya wuce arba'in bai tsinke ba. Arba'in da biyu. Arba'in da huɗu.

Ya ce laifin agogo ne. Ya sake, arba'in da huɗu. Ya ɗauko tsohon kofinsa, arba'in cif.

Manaja ya bi layin littafin da yatsa zuwa arba'in da huɗu, ya karanta da ƙarfi: ɗari da hamsin da biyu. Ya karɓi kofunan biyu ya ɗaga su ga hasken taga, ya daɗe yana kallon hudojin, sannan ya ajiye tsohon a gefe, ya jawo takardar odar na'ura.

Sai a lokacin Mai Kofi ya gane cewa hudar kofinsa ta daɗe da faɗaɗa, kuma jadawalin da ya yage ba na kowane kofi ba ne a duniya sai nasa, wata-wata yarinyar take gyara shi da man 'yar kwalbar nan da ta riga ta san kaurinsa, don kada Manaja ya sami dalilin sallamarsa.