Haihuwar Fari a Gida

Ramlatu ta lura cewa ɗan zaren da aka ɗaura wa jaririnta a ƙafa ranar suna ya koma ja tun da suka shigo filin jirgin Kano. Jiya kore ne.

Ma'aikaciyar da ke tantance fasinjoji ta ɗora na'urarta a kan zaren, ta duba.

"Hajiya, a ina aka haife shi?"

"A nan Kano. Gida na zo haihuwa, yau za mu koma Akara wajen babansa."

"Ke kam za ki koma, kin riga doka zuwa duniya. Shi kuwa kilomita dubu kacal doka ta yanka masa daga inda aka yanke cibiyarsa. Daga nan zuwa Akara ya doshi dubu da ɗari biyu."

"Har zuwa yaushe?"

"Har abada fa. Ko ta mota kuka bi, a iyaka za a juyo da shi."

Ramlatu ta ƙara rungume jaririn. Ta juya wajen mahaifiyarta, wadda ta yi wata uku tana kira a waya, tana cewa haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta.

"Inna, kin ji? Da a can na haihu..."

Inna ba ta ɗago ba. Ta gyara wa jaririn hula, ta ajiye ƙullin yajin jego a kan akwati, ta ja mayafinta ta bi ta cikin mutane ta fita.