Ɗakin da Sanyi Ba Ya Shiga

Tunda gini kake shirin yi da hannunka, bari in ba ka misalin wani manomi. Mutumin nan shi ne ɗan fari a wurin uwarsa. Tsufa ya kama ta, ga ciwon gaɓoɓi, da zarar sanyi ya shigo sai ƙafafunta su riƙe, ta yi ta nishi a tsohuwar bukkarta da iska ke ratsawa ta ko'ina. Itace kuwa ya yi wuya a ƙasarsu, sai mata sun yi tafiya mai nisa kafin su haɗa dami. Abin ya tsaya masa a rai, ya ce in Allah ya yarda wani sanyin ba zai same ta a bukkar nan ba. Da aka kawar da amfanin gona sai ya shiga kwaɓa ƙasa, shi ne magini, shi ne lebura. Ya tayar da bango mai kauri, ya ja azara ya rufe da ƙasa, ya shafe da makuba, ya juya ƙofar ta ba wa iskar gabas baya. A ciki ya gina mata gadon ƙasa irin na mutanen da, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. Gaskiya gini ya yi gini. Da bazara in ka shiga kamar ka sa hannu a randa, da sanyi kuwa garwashin kasko guda ya ishe ta. Tsohuwa ba ta yabon ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, amma ranar da ta tare sai da ta shafa bangon ta ce, "Allah ya yi wa mai wannan aiki albarka." Da ya tsaya a nan, da yau ba a ba da labarinsa ba.

Amma shi mutum ne da in ya sa abu a gaba sai ya ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Da sanyi ya kankama, kullum da yamma sai ya jiƙa bayan hannunsa ya bi bango yana lalube, duk inda ya ji iska ta taɓa shi ya cusa tsumma ya liƙe da laka. Ya cire asabarin ƙofa ya kafa ƙyaure, ya bi gefensa da robar tsohuwar taya. Ba a jima ba tsohuwa ta fara tashi da ciwon kai, jiki a mace, in ta sunkuya alwala jiri ya ɗebe ta. Ta ce wa surukarta, "'Yar nan, kaina kamar an aza mini dutse." Shi kuwa da ya ji sai ya ce ai sanyi ne, har yanzu akwai inda yake satar hanya. Ya yi ta dube-dube har idonsa ya kai can sama kusa da rufi, kan wata 'yar kafa da ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Shi ya bar ta lokacin gini, don kuwa haka ya tashi ya ga ana yi a ɗakunan kakanninsa, bai taɓa tambayar dalili ba. Ya kafa tsani ta waje ya hau, ya kara tafinsa a bakin kafar, ya ji ɗumi yana fitowa. Ashe nan ɓarawon yake! Ya cura laka ya toshe, ya shafe sumul, ya sauko yana jin kansa gwani. Ran nan ma ya sa aka ƙara mata gawayi a kan garwashin, don wutar ta kai ta safe.

Gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi. Tsohuwa ba ta fito alwalar asuba ba, shi kuwa har daɗi ya ji, ya ce wa matarsa, "Ƙyale Inna ta huta, yau dai ta sami barci." Hantsi ya ɗaga, kokon da aka dama mata ya huce. Ya je ya yi sallama, shiru. Ya tura ƙyauren da ƙyar, don shi da kansa ya matse shi, ɗumi ya bugi fuskarsa. Ga ta kwance a lulluɓe kamar mai barci. Ya taɓa gadon ya ji da ɗumi, ya taɓa hannunta ya ji ya yi sanyi. Maƙwabta suka taru suka ce kwana ne ya ƙare, sai haƙuri, kuma ba su yi ƙarya ba, babu mai wuce ranarsa. Sai da aka dawo daga maƙabarta ya shiga naɗe shimfiɗarta, ya tarar da kyanwar gidan a ƙudundune a bakin ramin garwashi, ita ma ta sandare. Kyanwar kuwa ba tsohuwa ba ce. Ya zauna dirshan a ƙasa. A nan ya gane abin da bai tambaya ba tun farko: wuta ma numfashi take yi, iskar da mutum ke shaƙa ita take ci, ta bar masa gubar da ba ta da wari, ba a kuma ganin ta. Kafar da ke satar masa ɗumi ita ce take fitar da gubar. Babu wanda ya tuhume shi, masu zuwa gaisuwa har cewa suke Allah ya ba kowa ɗa irinsa, kuma wannan maganar ta fi komai yi masa ciwo.

Ɗan ɗumin da bai kai ya kawo ba ya tsaya ƙwatowa, ya ba da uwa a kai. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.