Jan Bangon Inna Tasalla

Da hantsi ne, rana ta ƙwalle, gari sai ƙyalli yake kamar sabon kwano. Tun da aka kafa dokar farin fenti saboda zafi, bango da rufi da titi duk sun koma fari. Ni ina cikin masu shafawa. Ran nan aka tura ni gidan Inna Tasalla, wadda bangonta kaɗai ya rage ja a unguwar.

Na same ta a tsakar gida, ta zuba wa bangon ido.

"Inna, sannu da hutawa."

"Hutun me? Kai aka aiko ka ƙarasa ni?"

Ta ce ta daɗe tana ganin wasu ɗige-ɗige suna yawo a idonta kamar ƙwari. In ta kalli fari sai su taso, gabanta ya hau faɗuwa, su kuma su ƙaru. A kan jar ƙasar nan kawai suke lafawa.

"Likita ya ce wai damuwa ce, in kwantar da hankalina. A ina? Sun bar min inda zan ajiye ido? Ko likkafani ai sai mutum ya mutu ake naɗa masa."

In ban shafa ba, jirgin hukuma mai shawagi zai hango, a rushe bangon. Na yi ta shafawa, tana zagina har kakana.

Can ƙarƙashin rumfa, inda ba a hangowa daga sama, na bar wuri ja kamar faɗin faifai ban shafa ba. Na jawo mata kujerarta gabansa.

Ta zauna, ta ce, "Matsa, ka tare min."